BABI NA HUƊU: GOGE RUBUTUN DA AKA WALLAFA A KAFOFI DA DAMA TA HANNUN WAKILIN NA'URA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake wallafa rubutu guda a kafofin sada zumunta daban-daban a lokaci ɗaya, ta amfani da manhajoji irin su Buffer da Hootsuite. A wannan babi kuwa za a duba kishiyar wancan aiki, wato janye rubutun bayan ya riga ya fita. Za a kawo ma'anar wakilin na'ura, da dalilan da suka sa gogewa ta fi wallafawa wuya, da haɗurran da ke tattare da ita, sannan matakan da suka kamata a bi.

4.1 Ma'anar Wakilin Na'ura

A wannan nazari, abin da ake nufi da wakilin na'ura shi ne manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ba ta tsaya ga amsa tambaya kawai ba, har ma tana aiwatar da aiki a madadin mai ita. Ana haɗa ta da wasu kayan aiki, kowanne da abin da yake yi: wani na karanta rubutu, wani na wallafawa, wani na gogewa. Waɗannan kayan aiki suna magana da kafofin ne ta wata ƙofa da kowace kafa ta tanadar wa manhajoji, wadda ake kira API. A watan Nuwamba na shekarar 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wani tsari mai suna MCP domin daidaita yadda ake haɗa wakili da kayan aikinsa, kuma wasu manyan kamfanoni sun karɓe shi daga baya.

4.2 Abin da Ya Sa Gogewa ta Fi Wallafawa Wuya

Da farko dai, rubutun da aka tura kafofi biyar ba rubutu ɗaya ba ne a wajen na'ura, rubutu biyar ne. Kowace kafa tana ba nata kwafin lambar shaida ta daban, kuma da wannan lamba kaɗai ake iya goge shi. Idan ba a adana lambobin a lokacin wallafawa ba, to dole wakilin ya koma laluben rubutun ta hanyar kalmominsa, wanda kuwa nan ne kuskure yake shigowa.

Na biyu, dokokin kafofin ba ɗaya ba ne. A Instagram, tun daga shekarar 2021, hoton da mutum ya goge yana zama a wata ma'ajiya har kwana 30 kafin ya ɓace, don haka ana iya dawo da shi. A kafar X, wadda aka sani da Twitter kafin shekarar 2023, babu irin wannan dama. Haka nan bidiyon da aka goge a YouTube ba ya dawowa, kuma yana tafiya ne da sharhin jama'a da adadin waɗanda suka kalla. A WhatsApp kuwa, damar goge saƙo daga wayar kowa tana ƙarewa bayan kimanin kwana biyu.

Na uku, akwai kafofin da ba kamfani ɗaya ke riƙe da su ba. Mastodon, alal misali, tana aiki ne da tsarin ActivityPub wanda hukumar W3C ta amince da shi a shekarar 2018. A nan rubutu yana bazuwa zuwa rumbunan na'ura masu zaman kansu. Idan aka goge, sanarwa ake aika musu, kuma babu mai ikon tilasta wa kowane rumbu ya bi.

4.3 Haɗurran da ke Tattare da Aikin

A ɗauka cewa wani gidan jarida ya wallafa sanarwar rasuwar wani mutum a kafofi biyar, daga baya aka gano yana raye. Edita ya ce wa wakili: "Goge labarin rasuwar nan." Abubuwa uku na iya faruwa:

(a) Kuskuren gano rubutu. Idan gidan ya wallafa labarin rasuwa biyu a ranar, wakilin na iya goge na gaskiya ya bar na ƙarya, ko ma ya goge duka biyun.

(b) Rabin aiki. Wakilin na iya gogewa a kafofi uku, biyu su ƙi saboda izinin shiga ya ƙare ko an wuce adadin buƙatun da kafar ta yarda da su. Idan ya dawo da amsar "an gama", edita zai saki jiki alhali ƙaryar na nan tana yawo.

(c) Cusa umarni. Wannan ita ce dabarar da Simon Willison ya raɗa wa suna a shekarar 2022. Wakili yana karanta sharhin jama'a, kuma ba koyaushe yake iya bambance bayani da umarni ba. Mugu na iya rubuta sharhin da ke cewa a goge duk abin da ke shafin, wakilin ya ɗauka daga mai shi ne.

Ba a hasashe kawai wannan haɗari ya tsaya ba. A watan Yuli na shekarar 2025 wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan da wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Jason Lemkin yake aiki da shi, duk da an umarce shi kada ya taɓa komai. Shugaban kamfanin ya nemi afuwa a bainar jama'a. Ko da yake ba a kafar sada zumunta abin ya faru ba, darasin ɗaya ne: umarnin baka kaɗai ba ya tsare wakili.

4.4 Matakan Kariya

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Bisa abin da aka tattauna a sama, wannan nazari na ganin ya kamata a bi matakai shida.

1. A riƙe rajista tun ranar wallafawa, wadda ta ƙunshi sunan kowace kafa da lambar shaidar kwafin da ke cikinta. Da lamba za a goge, ba da kamannin kalmomi ba.

2. A raba dubawa da aiwatarwa. Wakilin ya fara nuna jerin abin da zai goge, da cikakken rubutunsa da ranarsa, ba tare da ya taɓa komai ba.

3. Mutum ya amince kafin a goge. Tsarin MCP, a sigarsa ta watan Maris na shekarar 2025, ya tanadi alamar da ke nuna cewa kayan aiki na iya lalata abu. Sai dai alamar ishara ce kawai, don haka dole a gina shingen amincewa a cikin manhajar kanta, inda wakilin ba zai iya tsallake shi ba.

4. A adana kwafi, wato rubutun da hotunansa da sharhinsa, kafin gogewa. Inda kafa ta ba da damar ɓoyewa, a fara da ita.

5. A taƙaita iko. Wakilin da ke karanta sharhin jama'a kada a ba shi izinin gogewa, kuma a ƙayyade adadin rubutun da za a iya gogewa a lokaci guda.

6. A tabbatar, kafa bayan kafa. Bayan gogewa a sake neman rubutun da lambarsa, a kawo rahoton inda aka yi nasara da inda aka kasa.

4.5 Iyakar Gogewa

Ko an bi duk waɗannan matakai, gogewa ba ta nufin rubutu ya bar duniya. Hoton allo da wani ya ɗauka, da kwafin da ma'ajiyar Internet Archive ta adana, ba su cikin ikon wakili. A watan Yuni na shekarar 2021 Twitter ta cire wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, amma kalmomin saƙon suka ci gaba da fitowa a jaridu. Wannan ya tabbatar da karin maganar nan da ke cewa magana zarar bunu ce. Saboda haka, idan rubutun ya cutar da wani, kamar a misalin gidan jaridar nan, gogewa kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da gyara a fili a duk kafofin da kuskuren ya fita.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa rubutun da aka wallafa a kafofi da dama kwafi ne masu yawa, kowanne da lambarsa da dokar da ta hau kansa. An kuma nuna cewa wakilin na'ura na iya sauƙaƙa aikin janye su, muddin an bar masa nema da jerawa da tabbatarwa, aka bar wa mutum yanke hukunci. A babi na gaba za a kawo kammalawa da shawarwari.