Akwatin UPS Ba Janareta Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu da shagunan buga takardu, wadda na gaji da ganinta har ta sa ni ɗaukar alƙalami, ita ce mutum ya sayo akwatin nan mai riƙe wa kwamfuta wuta, wanda ake kira UPS, ya jona shi a bango, sa'an nan ya ɗauki 'yar wayar da ta zo tare da shi cikin kwali ya jefa a aljihun tebur, alhali kuwa ta cikinta ne kaɗai akwatin yake iya sanar da kwamfuta halin da ake ciki.

Asalin wannan gafala shi ne zaton da jama'a suke yi wai UPS ƙaramin janareta ne, wanda zai riƙe su har a dawo da wuta. Wannan zato ɓatacce ne. Galibin ƙananan da ake sayarwa, masu lamba 650 a jiki, batir guda ne a cikinsu mai bolt 12, wanda in an ɗora masa kwamfutar tebur da allonta, iyakar ƙoƙarinsa 'yan mintoci ne, gwargwadon a adana aiki a kashe na'ura bisa ƙa'ida. Amma sai ka ga akawu, akwatin yana kuka tit, tit a ƙarƙashin teburinsa, yana cewa bari ya ƙarasa wannan shafin tukuna, har kukan ya tsananta, allo ya yi baƙi, a shiga salati. Hasarar kuwa ba ta tsaya ga shafin ba, domin kwamfutar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu cikin ma'ajiyarta takan wayi gari da lalatattun fayiloli, wani lokacin ma ta ƙi tashi sam. Shi kuma batirin, da yake na dalma ne, duk sa'ad da aka tatse shi ƙarƙaf sai ƙarfinsa ya ragu, ga zafin bazara irin namu yana cinsa, tunda shekara 3 zuwa 5 da ake ƙiyasta masa an yi lissafinsu ne a kan ma'aunin zafi 25. In ya mutu sai a ce mai shago ya sayar da jabu, a haɗa almubazzaranci da ƙazafi. Kayan ofis amana ne, jama'a, kuma za a tambaye mu.

To, fa'idar wayar ita ce, da zarar an ɗauke wuta akwatin zai shaida wa kwamfuta, ya riƙa gaya mata abin da ya rage a batir, ita kuma ta kashe kanta cikin natsuwa ko da mai ita ya tafi sallar Azahar. In babu ita, akwatin ya zama bebe mai gadi, yana ganin ɓarawo amma ba bakin faɗa.

Saboda haka a duba bayan akwatin. Kafar USB ɗinsa yawanci mai kusurwa huɗu ce irin ta firinta, sai dai wasu na kamfanin APC tasu mai haƙora 10 ce, ta yi kama da ta wayar intanet, kuma ba ta karɓar kowace waya sai tata. Da yawa daga cikinsu, da an jona, Windows takan nuna alamar batir a ƙasan allo, sai a shiga saitin wuta a umurce ta da abin da za ta yi in batir ya yi ƙasa. A ganina barcin nan mai adana duk abin da yake buɗe ya fi kashewa, kuma kada a jira batir ya wuce rabi. Wanda bai ga alamar ba ya sa manhajar kamfanin, kamar PowerChute ta APC, masu Linux kuwa suna da NUT da apcupsd. Tsofaffin APC masu kafa mai haƙora 9 a yi hattara da su, domin in aka sa musu wayar da ba tasu ba suna iya mutuwa nan take har da kwamfutar. Bayan an gama, lalle ne a jarraba: a adana aiki, a kashe makunnin soket na bango, a zuba ido a gani ko za ta yi abin da aka umurce ta. Firintar leza da dutsen guga kuwa, kada su kusanci akwatin.

Wasu masu araha ba su da kafar ko ɗaya, kuma waɗannan babu dabarar da za ta sa su magana. Don Allah, mai niyyar saye ya juya bayan akwatin ya duba tun a shago, kafin ya miƙa kuɗinsa.