Guangzhou: Inda Ake Cinikin Lantarki Kamar Hatsi

Duk ɗan kasuwarmu na Kantin Kwari ko Sabon Gari da ya je sari birnin Guangzhou na ƙasar Sin, abin da yakan fara ba mu labari idan ya dawo shi ne wutar lantarki: masana'antu na aiki dare da rana, babu ƙarar janareta. Abin da galibi ba a ba mu labari shi ne, kaso mai tsoka na wannan wuta daga nesa ake jawo shi.

A birnin ne hedikwatar kamfanin China Southern Power Grid take, wanda aka kafa a 2002 domin kula da larduna biyar na kudancin ƙasar: Guangdong, Guangxi, Yunnan, Guizhou da Hainan. Manyan koguna da madatsun ruwa suna can yamma, a Yunnan, yayin da masana'antu suka taru a Guangdong da ke gaɓar teku. Don haka a 2010 aka kammala wani ƙaton layi mai tsawon kusan kilomita 1,400, mai ɗaukar megawat 5,000 daga Yunnan zuwa gefen Guangzhou. Wato layi guda yana ɗaukar kwatankwacin abin da Nijeriya gaba ɗaya ta daɗe tana rarrabawa. A 2016 kuma aka buɗe cibiyar cinikin lantarki a birnin, inda masu samarwa da masu saye ke ƙulla ciniki tsakanin larduna.

Cinikin ya ƙetare iyaka. Tun 2004 ake sayar wa Biyetnam wuta daga Yunnan, a 2008 kuma madatsar Shweli ta ƙasar Bama ta fara tura tata zuwa Sin. Daga 2022 Laos kan tura rarar wutarta da damina, sannan ta karɓa da rani idan ruwa ya ja baya. Abin lura a nan shi ne, wutar ruwa da ta rana da ta iska suna bin yanayi ne, kuma faɗin layi ne ke sa rarar wani ta cike giɓin wani.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Laos, wadda bashi ya yi wa katutu, ta miƙa wa wannan kamfani mafi rinjayen hannun jari a kamfanin manyan layukanta a 2020. Wanda ya riƙe layi shi ke riƙe da makunni.

Mu ma mun ga hakan a gida. Tun 1976 wutar Kainji ke zuwa Yamai ta Birnin Kebbi, akwai kuma layin Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin Nijar na 2023 Nijeriya ta yanke wutar, sai a Maris 2024 aka mayar. Masu walda, masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara ne suka ji jiki.

Arewacin Nijeriya da Nijar Allah Ya hore musu rana. Abin da ya rage shi ne layukan da za su ɗauki wutarta zuwa inda ake bukata, da yarjejeniyar da saɓanin siyasa ba zai tsinka ba. Ya kamata hukumominmu su duba wannan tun kafin su sa hannu a kan rance na gaba.