INABIN ƘASAR ZAZZAU DA DARASIN DUWATSUN GIRKA

A zamanin da, in aka ambaci inabi a cikin birnin Zariya, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne zabibin nan da alhazai kan zo da shi tsaraba tare da dabino da ruwan Zamzam. Ɗanyen inabi kuwa sai dai a ji labarinsa a bakin malamai wajen tafsiri. Amma yanzu, da zarar hunturu ya kankama, akan ga masu talla da nonnan inabi jere a faranti tun daga Ƙofar Doka har Tudun Wada, kuma galibinsa ba daga ƙetare aka kawo shi ba. Amfanin gonar ƙasar Zazzau ne, musamman Ƙaramar Hukumar Kudan mai hedkwata a Hunkuyi, arewa da Zariya, wadda a yau ake ɗauka ita ce cibiyar noman inabi ta Nijeriya.

Wannan abin alfahari ne, sai dai akwai sauran rina a kaba. Inabi ɗan itace ne marar jimiri, in ba a sanya shi wuri mai sanyi ba, kwanaki kaɗan yake yi ya lalace. Ga shi kuma gonaki kan nuna kusan lokaci guda, saboda haka tilas manomi ya sayar bisa farashin da dillali ya yanka, alhali kuwa manyan kantunan Abuja da Ikko suna cike da inabin Afirka ta Kudu da na Masar. Domin neman mafita ya kamata a dubi wata ƙasa da ta shafe shekaru dubbai tana wannan noma, ta ga samu ta ga rashi a cikinsa, watau ƙasar Girka.

IRIN GIDA A KAN DUWATSU

Ƙasar Girka ƙasar duwatsu ce, kuma tana da irin inabi nata na gado fiye da 200. Mafi shahara cikin baƙaƙen su ne guda biyu. Na farko shi ne Xinomavro, wanda ma'anar sunansa ita ce baƙi mai tsami, ana noma shi a Naoussa, a gangaren Dutsen Vermio da ke arewacin ƙasar, da kuma Amyndeon, inda gonaki suke a tudun da ya kai mita 600 zuwa 700 bisa teku. Na biyu shi ne Agiorgitiko na yankin Nemea da ke kudu. Daga waɗannan ne Girkawa suke yin jar giyar inabin da ta yi suna a Turai da Amurka.

Giya dai haramun ce ga Musulmi, kuma babu mai cewa a kafa masana'antarta a ƙasar Zazzau. Abin koyi yana ga itacen da kuma yadda aka tsare shi. Girkawa sun lura cewa a kan tudu dare yana da sanyi, saboda haka 'ya'yan inabi suna nuna sannu a hankali, zaƙi da tsami su daidaita, gangare kuma ba ya barin ruwa ya kwanta a gindin itace. Sun kuma gane cewa kowane iri da ƙasar da ta karɓe shi. A shekarar 1971 gwamnatinsu ta kafa dokar tsare sunan wuri, wadda ta ce ba za a rubuta Naoussa a jikin kwalba ba sai abin da ke ciki Xinomavro ne zalla wanda aka noma a wannan yanki, haka kuma Nemea da Agiorgitiko. An yi wani lokaci da manoma da yawa suka karkata ga irin Faransa don suna ganin shi ya fi daraja, daga baya suka fahimci cewa irin Faransa kowa yana da shi, tun daga Chile har Ostareliya, amma nasu na gida babu mai iya gasa da su a kansa.

DABARAR MANOMIN ZAZZAU

Birnin Zariya kansa yana bisa tudun da ya haura mita 600, watau kusan daidai da Amyndeon, amma yanayin ya sha bamban. A Girka ruwan sama na zuwa da sanyi, sa'ad da itacen inabi ya kakkaɓe ganyensa yana hutawa, sa'an nan 'ya'ya su nuna a lokacin zafi da babu ruwa. A nan kuwa ruwa da ɗumi tare suke zuwa, daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma wannan laima ita ce abincin cutar fumfuna mai cin ganye da 'ya'ya. Har ila yau babu sanyin da zai sa itacen ya huta don kansa.

Dabarar da ake yi a ƙasashe masu zafi irin su Indiya da Nijeriya ita ce manomi ya tsara wa itacen shekararsa da wuƙa. Yakan datse rassa bayan girbi domin sababbi su fito su ƙosa da damina, kana ya sake datsewa wajen ƙarshen damina domin fure ya fito, 'ya'ya su nuna da rani ta hanyar ban ruwa. Aiki ne mai cin jari, gama sai an kafa rumfar da itacen zai hau, an haƙa rijiya, an kuma yi haƙuri kafin a fara cin moriya.

Inabin da ake nomawa a nan baƙo ne, amma yana da dangi a dajin ƙasar Hausa. Dafara, wadda maginan birnin Zariya suka daɗe suna haɗawa da katsi da gashin jima su yi laso don shafe soraye, 'yar gida ɗaya ce da inabi a lissafin masana tsirrai. Wannan ya isa ya nuna wa ɗaliban aikin gona cewa akwai fagen bincike a ƙofar gidansu.

ANNOBA DA KASUWA GUDA

Darasi na biyu mai ɗaci ne. Daga wajen shekarar 1863 wani ƙwaro ɗan mitsitsi mai suna filoksera, wanda ya zo daga Amurka, ya shiga cin saiwar inabi a Faransa har ya kusa ƙare gonakinta. Faransawa suka koma sayen ƙananan baƙin zabibin Girka, wanda ake kira na Korinti, suna jiƙa shi suna yin giya. Farashi ya tashi, manoman kudancin Girka suka ci bashi suka mai da gonakinsu na inabi, har zabibi ya zama fiye da rabin kuɗin abin da ƙasar take fitarwa waje.

Da Faransawa suka gano magani, watau yi wa irinsu aure da saiwar inabin Amurka mai jure wa ƙwaron, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure a nan, sai gonakinsu suka farfaɗo. A shekarar 1892 suka ɗora haraji mai nauyi a kan zabibin waje. Farashi ya faɗi warwas, a watan Disamba na 1893 kuma Firayim Minista Trikoupis ya sanar cewa ƙasar ba za ta iya biyan basusukanta ba. Dubban ɗaruruwan Girkawa suka yi ƙaura zuwa Amurka a shekarun da suka biyo baya. Daga bisani ƙwaron ya isa arewacin Girka, ya lalata gonakin Naoussa, sai da aka sake dasa su bisa saiwar Amurka kafin Xinomavro ya tsira.

Mutanen Arewa ba baƙin irin wannan labari ba ne. A shekarar 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta halaka gonaki masu ɗimbin yawa, ta taimaka wajen ɓacewar dalar gyaɗa ta Kano. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cikin waɗanda suka fito da irin gyaɗa masu jure wa cutar. Amma an yi maganin ne bayan ɓarna ta riga ta auku.

ABIN DA YA RAGE

Rigakafi ya fi magani. Da fari, lalle ne masanan Samaru da na Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, mai reshe a Bagauda, su tara dukkan irin inabin da ke hannun manoma, su tantance sunan kowanne, su gwada wanda ya fi jure wa fumfuna da wanda ya fi daɗewa bayan girbi, domin kada gonaki duka su dogara ga iri ɗaya ko biyu. Na biyu, a nemi hanyar sarrafa abin da kasuwa ba ta ɗauke ba. Girbin Zazzau yana faɗowa daidai lokacin da iska ta fi bushewa, kuma kimanin kilo 4 na ɗanyen inabi ke ba da kilo 1 na zabibi, wanda kan yi watanni bai lalace ba. Abin da ake bukata shi ne iri marar ƙwallo da rumfunan shanya masu kare ƙura. Ruwan inabi marar sa maye shi ma wata ƙofa ce.

Na uku shi ne suna. Kamar yadda kowa ya san kilishin da ya fi da inda ake yinsa, haka ya kamata mai saye a Fatakwal ko Ikko ya ga kwali ya san inabin Kudan ne, ya kuma tabbata an tantance shi. Wannan aikin ƙungiyoyin manoma ne da Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Kaduna. Manoma sun riga sun nuna cewa ƙasar Zazzau tana karɓar inabi. Saura ma'aikata da masana su tashi tsaye tun kafin wata annoba ko faɗuwar kasuwa ta riga su isa gona.