Kaduna: Abin da sabon ɗalibi ke tararwa a ɗakin kwanan makaranta

A duk farkon zangon karatu, matasa daga sassa daban-daban na Najeriya kan isa manyan makarantun birnin Kaduna ɗauke da katifa da bokiti da gidan sauro. Da yawansu wannan ne karon farko da za su kwana a wani wuri ba ƙarƙashin idon iyaye ba.

Sai dai samun gurbin karatu bai tabbatar wa ɗalibi makwanci ba, domin gadajen da makarantun ke da su sun yi wa masu nema kaɗan.

Akasarin manyan makarantun birnin suna arewa da kogin Kaduna ne. Akwai Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, mai mazauni a titin Tafawa Balewa. Akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali daga wata cibiyar koyon sana'a da aka buɗe a 1956, mai babban mazauni a Tudun Wada. Makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA, da aka kafa a 1964, ita ta sha bamban, domin dokarta ce kowane ɗalibi ya kwana a ciki.

Yadda aka faro

Jami'o'in farko na Najeriya, irin su ta Ibadan da aka buɗe a 1948 da ta Ahmadu Bello a Zariya da aka buɗe a 1962, an gina su ne bisa tsarin Ingila, inda ɗalibi ke kwana ya kuma ci abinci a cikin makaranta.

Tsarin ya fara tangal-tangal ne yayin da ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, kuɗi kuma suka ja baya. A 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci na yini ya haddasa zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan Kanar Ahmadu Ali, mai kula da ma'aikatar ilimi ta tarayya a lokacin, inda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A shekarun 1980 kuma gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai.

Jami'o'in jihohi da suka zo daga baya, ciki har da KASU, sun tashi ne a zamanin da gina azuzuwa ya sha gaban gina ɗakunan kwana.

Rabon gado

A bisa al'ada, ofishin kula da harkokin ɗalibai ne ke raba gadaje, kuma jami'o'i da dama kan ba da fifiko ga sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe da kuma masu buƙata ta musamman. Galibi ta intanet ake nema yanzu, bayan an kammala biyan kuɗin makaranta. Hakan na nufin ɗalibin da iyayensa suka makara wajen haɗa kuɗi yakan tarar an gama rabo.

Ƙarancin ya haifar da abubuwa biyu da dokokin makarantu suka haramta: sayar da gado a kan farashin da ya ninka na hukuma, da kuma raɓewa a gadon wani. Sabon ɗalibi, wanda ake tsokana da sunan "Jambito", shi ya fi saurin faɗawa hannun 'yan damfara, saboda bai san gari ba.

Wanda ya rasa, sai ya kama haya a unguwanni irin su Unguwar Rimi ko Malali ko Badarawa, ko ya sauka gidan 'yan uwa. Kuɗin mota ya ƙara wa irin waɗannan nauyi tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A shekarar ce Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin KASU daga naira 150,000 zuwa 105,000, yayin da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya tanadi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya.

Zaman ɗaki ɗaya

Wanda ya dace da gado kuwa, sabon darasi ke jiransa. Zai koyi sammakon ɗiban ruwa, da girki a kan risho, da tsimin gari da ƙuli-ƙuli har ƙarshen wata, da haƙuri da wanda ke kunna fitila cikin dare. Cunkoso na da haɗarinsa: sanƙarau ya fi yaɗuwa a ɗakunan da ba iska a lokacin zafi, girki a cikin ɗaki kuma kan jawo gobara.

To amma a Kaduna, zaman ɗaki ɗaya na da wata ma'ana ta daban. Rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2002 sun sa jama'a ƙaura, har Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista kuma a kudancinsa. Akasarin sababbin ɗaliban yau bayan wannan rabuwa aka haife su.

Saboda haka yaron da ya tashi a Kawo ko Rigasa na iya kaiwa jami'a bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da na Sabon Tasha ko Narayi ba. A aji, kowa na iya zama kusa da nasa. A ɗakin kwana kuwa ba ɗalibi ne ke zaɓen abokin zama ba. Nan ne wani zai saba da tashin maƙwabcinsa sallar asuba ko sahur, shi ma ya saba da shirin cocin ɗan uwansa ranar Lahadi.

Wannan kusanci na buƙatar kulawa. Rikicin watan Maris na 1987, wanda ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, ya faro ne daga saɓani tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Shi ya sa rawar shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ta Kirista ta FCS wajen tarbar baƙi ke da muhimmanci.

Batun tsaro

Fargabar iyaye ta ƙaru a 2021. A watan Maris, 'yan bindiga sun afka wa Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da ke kusa da Mando cikin dare, suka yi awon gaba da ɗalibai 39, kuma sai a farkon watan Mayu aka sako na ƙarshensu. A watan Agusta kuma aka kai hari NDA, aka kashe hafsoshi biyu.

Duk da haka, haya a waje ma ba ta rasa nata haɗarin ba, musamman ga ɗalibai mata masu dawowa daga karatu bayan magariba, alhali a ɗakin makaranta akwai masu gadi da dokar shiga da fita.

Tambayar da ke gaban hukumomi ita ce wa zai gina sababbin ɗakuna. Jami'o'i da dama na ba 'yan kasuwa fili su gina su karɓi haya na wasu shekaru, amma kuɗin irin waɗannan ɗakuna kan fi ƙarfin ɗan talaka. Muddin gadaje ba su wadata ba, yawancin sababbin ɗaliban Kaduna za su ci gaba da haɗuwa a aji da rana, da yamma kuma kowa ya koma ɓangarensa na kogi.