Abin da Na Gani a Bikin Fina-finan Faransanci

A cikin watan Maris da ya wuce malamarmu ta Faransanci ta ɗebi mu goma sha biyu daga aji biyar, ta kai mu cikin birni kallon fina-finai. An shirya bikin ne saboda ranar 20 ga Maris, wadda ake kira ranar masu magana da harshen Faransanci. Ba zan ɓoye muku ba, da yawa daga cikinmu murnar fita daga makaranta ce ta kai mu. Ni kuwa na zaci Turawa za mu gani suna yawo a Paris, ko a yi ta waƙa da rawa kamar fim ɗin Indiya.

Ashe ba haka ba ne. Fina-finan da aka nuna mana tsofaffi ne, kuma 'yan Afirka ne suka yi su. An fara da wani gajeren fim na zane mai suna Bon Voyage Sim, wanda Mustafa Alhassan, mutumin Nijar, ya yi a 1966. Labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyara, ana ta fareti da kaɗe-kaɗe. Muka yi ta dariya har Malama ta waiwayo ta harare mu.

Na biyu shi ne Mandabi, na Usman Sembene ɗan ƙasar Senegal, wanda ya fito a 1968. Wani dattijo ne a Dakar, Ibrahima Dieng, mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, ba shi da aikin yi. Sai ɗan 'yar'uwarsa da ke sharar titi a Paris ya aiko da takardar kuɗi ta sefa 25,000. Ya je gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida kuwa sai da takardar haihuwa da hoto. Ga maƙwabta sun ji ƙanshin kuɗi, kowa na zuwa rance, shi ma yana ta cin bashi. Daga ƙarshe wani ɗan boko da ya amince masa ya karɓe kuɗin, ya ce wai an sace. Dattijon ba wawa ba ne. Abin da ya kayar da shi kawai, kowace takarda da Faransanci take, shi kuwa bai iya ba.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne na uku, La Noire de..., shi ma na Sembene ne, na 1966, marar launi, tsawonsa kamar awa guda. Wata budurwa ce, Diouana, mai renon 'ya'yan wasu Turawa a Dakar. Suka ɗauke ta zuwa Antibes a kudancin Faransa, tana ɗokin ganin gari da kantuna. Da ta isa sai ta tarar shara da wanki da dafa abinci ne aikinta, ba fita, ba mai yi mata hira. Akwai wurin da wasiƙa ta zo daga mahaifiyarta. Maigidan ne ya karanta mata, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta amsa da sunanta, wai tana nan lafiya. Ita tana zaune tana kallonsa, ta san ba maganarta ba ce, ta yayyage wasiƙar. Bakinta a rufe yake kusan duk fim ɗin, sai dai mu masu kallo muna jin abin da take faɗi a zuci. Baƙin ciki ya sa ta hallaka kanta. Da Baturen ya mayar da akwatinta Dakar ya miƙa wa uwarta kuɗi, sai ta juya masa baya.

Faransancin da na tsinta a ciki bai taka kara ya karya ba, fassarar Turanci da ke ƙasan allo nake bi. Wannan ma ya ɗan ba ni kunya, shekara biyar ina karatunsa.

A mota muna komowa gardama ta kaure. Wata ƙawata ta ce ai wannan halin Turawa ne. Na yi shiru, domin akwai yarinya a gidanmu da aka kawo daga ƙauye tana aikatau, tsarar ƙanwata ce. Ita ke wanke mini kayan makaranta in na zo hutu. Ba a dukanta, ba a hana ta abinci, Inna tana yi mata ɗinkin Salla tare da mu. To amma kuɗin aikinta wadda ta kawo ta ake ba, kuma in za a aika wa iyayenta saƙo, ni ake sa wa in rubuta a waya. Sau nawa na rubuta tana nan lafiya tana gaishe su? Ban taɓa kiranta na ce ta faɗa mini abin da take so a rubuta ba.

Na riga na rubuta wa Baba takarda ina roƙonsa a sa ta makarantar yamma ta unguwarmu. Har yau da nake wannan rubutu amsa ba ta zo ba, saura mako uku kuma a ba mu hutu.