Sana'ar masu hawan hasumiya a ƙasar Ingila: tarihi, aiki da zumunci

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu dubi wata sana'a wadda ba mu da suna tsayayye gare ta a Hausa. Turawan Ingila suna ce wa mai yin ta steeplejack, wato mutumin da ke hawan hasumiyar majami'a ko dogon bututun hayaƙi na masana'anta domin gyara ko rushewa. Mu a nan za mu kira shi mahayin hasumiya. Abin da muke son nunawa shi ne, zumuncin da aka san masu wannan sana'a da shi sharaɗi ne na aikin kansa: wanda ke sama ba shi da wata kariya wadda ta wuce amanar wanda ke ƙasa.

1. Asalin sana'ar

Tun kafin zamanin injuna akwai masu hawan hasumiyoyin majami'u, irin ta Salisbury mai tsawon mita 123, domin gyaran dutse da alamar nuna iska da ke bisa ƙololuwa. Amma sana'ar ba ta bunƙasa ba sai a ƙarni na 19, lokacin da injin tururi ya mamaye masaƙu. Tukunyar tururi tana buƙatar wuta mai ƙarfi, wutar kuma tana buƙatar iska. Da yake iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, gwargwadon tsawon bututu gwargwadon yadda yake zuƙo iska zuwa murhu. Shi ya sa aka yi ta tsawaita su: bututun Townsend na birnin Glasgow, wanda aka gina a 1859, ya kai mita 138.

Yankin Lancashire ne cibiyar wannan al'amari. A shekara ta 1929 garin Bolton kaɗai yana da masaƙun auduga 216. Ƙishirwar audugar waɗannan masaƙu ta iso har ƙasar Hausa: ƙungiyar noman auduga da aka kafa a Manchester a 1902 ta sa rai ga layin dogon da ya isa Kano a 1911, sai dai manoma suka fi karkata ga gyaɗa.

Kowane bututu kuwa yana lalacewa. Hayaƙin kwal yana cinye kwaɓin da ke tsakanin tubala, zafi yana tsaga bango, aradu tana faɗa masa, iska tana karkatar da shi. Na Townsend ma guguwa ta lanƙwasa shi tun ana cikin gini, sai da aka yi ta yanka kwaɓin da zarto a gefe guda kafin ya koma tsaye. Idan bututu ya tsaya, masaƙa ta tsaya, ɗaruruwan ma'aikata sun rasa albashi.

2. Yadda ake aikin

Matsala ta farko ita ce isa sama. A ƙarni na 19 wasu sukan tashi abin wasan nan na takarda da iska ke ɗauka (cerf-volant) ya ratsa da zare bisa bakin bututu, zare ya jawo igiya, igiya ta jawo wadda ta fi ta kauri. Daga baya dabarar jera tsani ta maye gurbinta. Mahayi yakan huda bango da guduma da ƙarfe, ya cusa guntun itace a ramin, ya kafa ƙugiyar ƙarfe a cikinsa, ya ɗaure tsani. Sai ya hau ƙarshen wannan tsani, ya kafa wata ƙugiya sama da kansa, ya rataya mata ƙaramar ƙafa mai juyawa wadda igiya ke bi (poulie), abokin aikinsa ya jawo masa tsani na biyu daga ƙasa. Haka za su yi ta yi har ƙololuwa. Wurin da ya fi wuya shi ne baki, domin yawanci yana da leɓe da ya fito waje, dole tsani ya karkata baya, mutum ya hau bayansa na fuskantar ƙasa.

In an isa, sai a kewaye bakin da dakalin katako, ko mahayi ya zauna a kan ɗan allo da ke rataye da igiya (sellette) yana sauke kansa sannu a hankali. Daga nan yake cike tsaga, ya ɗaure bututu da ɗamarar ƙarfe, ya kafa sandar kariya daga aradu (paratonnerre). Babban gyara akan jira makon hutun shekara da masaƙun gari ke rufewa, amma sau da yawa akan yi aiki wuta na ci, hayaƙi na turnuƙe mutum.

3. Zumunci a matsayin sharaɗin aiki

Idan muka lura, babu mataki ɗaya a cikin abin da muka bayyana wanda mutum guda zai iya yi shi kaɗai. Na ƙasa shi ke ɗaure kaya, shi ke riƙe igiya, shi ke duban sauyin iska. Ƙulli ɗaya da ya yi sake da shi ya isa ya kashe na sama. Guduma ɗaya da ta kuɓuce wa na sama ta isa ta kashe na ƙasa. Ga shi kuma murya ba ta kai wa in iska ta taso, sai ishara da hannu da jan igiya, waɗanda ba a fahimtar su sai an daɗe tare.

Saboda haka ilimin sana'ar bai cika shiga littafi ba. Yaro yakan fara da jan igiya a ƙasa, sau da yawa a ƙarƙashin ubansa ko kawunsa, ba a barinsa ya hau sai an gwada natsuwarsa. Tafiya gari gari, kwana a masauki guda da hira bayan aiki, su ne makarantar da ake jin labarin wanda ya faɗo da dalilin faɗowarsa. Har barkwancin da suke yi a kan mutuwa hanya ce ta riƙe tsoro a hannu.

4. Fred Dibnah da ƙarshen wani zamani

Wanda ya fito da sana'ar idon duniya shi ne Fred Dibnah (1938-2004), mutumin Bolton, wanda ya fara da aikin kafinta. Fim ɗin da BBC ta nuna a kansa a 1979 ya ci lambar BAFTA. Sai dai a lokacin masaƙu na ta rufewa, kuma dokar tsabtar iska ta 1956 ta riga ta rage ƙona kwal a birane. Mutumin da ya koyi gyaran bututu sai ya wayi gari yana rushe su. Bai yi amfani da nakiya ba: yakan fasa gefe ɗaya na gindin bututu, ya tokare shi da itatuwa, ya cinna musu wuta. Bututun yakan yi hayaƙinsa na ƙarshe, sannan ya kwanta ta inda aka nufa. Na ƙarshe da ya kayar a Royton ne, a 2004, shekarar da ya rasu.

5. Kammalawa

Sana'ar ba ta mutu ba, ta sauya kama. Ƙungiyar masu ita, wadda aka kafa a 1946, yanzu ana kiranta ATLAS. Dokar aiki a wuri mai tsawo ta 2005 ta wajabta tsara aiki tun daga ƙasa, da horo, da kayan hana faɗowa. Dabarar aiki da igiya biyu, irin ta waɗanda Faransawa ke kira cordistes, ta bazu. Babu shakka wannan ya ceci rayuka, kuma bai kamata sha'awar tarihi ta sa mu raina shi ba. Amma doka tana iya tilasta igiya ta biyu, ba ta iya tilasta wa mutum ya damu da ran abokinsa. Tambayar da muke miƙa wa masu nazarin sana'o'i ita ce: idan takardar shaida ta maye gurbin shekarun jan igiya a gindin bututu, a ina sabon mahayi zai koyi sanin wanda ya cancanci a ba shi amana?