Zuri'ar masaƙan Krefeld a Amurka

Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka tana jero masa asali, wane ya haifi wane, ya san daɗin abin. Shi ya sa labarin gidan Op den Graeff ya kama ni tun ranar da na fara karanta shi.

'Yan'uwa uku ne, Herman da Derick da Abraham, masaƙa daga garin Krefeld da ke yammacin Jamus, kusa da iyakar Holan. Suna cikin iyalai 13 da suka hau jirgin ruwa mai suna Concord, suka kwashe fiye da wata biyu a kan teku, suka sauka Filadelfiya ranar 6 ga Oktoba, 1683. Addini ne ya raba su da gida. Ɗarikarsu ta Kiristanci ba ta yarda da rantsuwa ko ɗaukar makami ba, ana kuwa takura musu a kan haka, sai ga William Penn, wanda ya kafa yankin Fensilbaniya inda Filadelfiya take, yana kiran masu irin wannan aƙida su zo can su yi ibadarsu hankali kwance. Wani lauya, Francis Daniel Pastorius, ya riga su isa ya shirya maganar fili. Nan suka kafa Germantown, wato garin Jamusawa. Hunturun farko ya yi musu tsanani har wasu suka riƙa kiran wurin garin matalauta.

Abin da ya fi taɓa zuciyata ya faru a 1688. Derick da Abraham, tare da Pastorius da wani mai suna Garret Hendericks, suka rubuta takardar ƙin amincewa da bautar da baƙar fata. Baƙi ne fa, shekara biyar ma ba su cika ba a ƙasar, ga talauci, amma suka dubi 'yan Afirka da ake saye da sayarwa a gabansu suka ce wannan zalunci ne. Hujjarsu mai sauƙi ce: abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. Majalisun ɗarikar suka yi ta tura takardar daga wannan zuwa waccan, daga ƙarshe aka jingine ta. Sai a 1844 aka sake gano ta.

Jikoki suka yaɗu, sunan gidan kuma ya sauya a bakin masu jin Ingilishi. Op den Graeff ya koma Updegraff, wasu Updegrove. Haka ma a wasu gidajen Jamusawa, Müller ya zama Miller, Schmidt ya zama Smith. Wannan ne ke wahalar da masu neman salsalarsu a yau, domin mutum ɗaya kan fito da rubutun suna iri uku a takardu. Abin da ke taimaka musu shi ne littattafan coci, da shafukan farko na Baibul ɗin gida inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, sai kuma jerin sunayen fasinjoji da hukumar Filadelfiya ta fara ajiyewa a 1727.

A cikin irin wannan jerin akwai wani Bajamushe mai suna Hans Nikolaus Eisenhauer, wanda ya iso a 1741. Daga tsatsonsa aka sami Dwight Eisenhower, kwamandan sojojin ƙawance da suka ci Jamus da yaƙi a 1945, wanda ya zama shugaban Amurka a 1953.